Burina Da Tsoron Ruwa

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Bebeji, kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Kullum muna ganin ruwa, amma ga abin kunya: shekaruna 16, ban iya iyo ba. Yayyena maza kuwa tamkar kifi suke. Ni ko gaɓa na nufa sai Inna ta daka mini tsawa, ta ce akwai 'yan ruwa, ga tsargiya, kuma 'ya mace ba ta shiga kogi.

Abin bai taɓa damuna ba sai a zangon da ya wuce, da wata tsohuwar ɗalibar makarantarmu ta kawo mana ziyara cikin fararen kayan soja. Ma'aikaciyar jinya ce a rundunar sojojin ruwa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1956. Ta ce an horar da ita a Onne, kusa da Fatakwal, ta kuma yi aiki a asibitin rundunar da ke Ojo a Legas. Wani lokaci akan tura su cikin jirgi, su yi kwana da kwanaki a teku suna duba marasa lafiya. Nan take na ji babu aikin da nake so kamar wannan.

Na ɗaga hannu na ce, "Anti, wadda ba ta iya iyo ba fa?" Aka bushe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce sojan ruwa soja ne tukuna kafin ya zama nas, saboda haka dole ya koyi iyo, da tsayuwa a kan ruwa, da ɗaura rigar ceto. Dalili kuwa, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. In mai ceton ba gwana ba ce, sai su nitse tare.

Da hutu na kai maganar gida. Inna ta ce ba da ita ba. Baba ya yi shiru, sannan ya tuna mana da kwalekwalen da ya kife a Bagwai a 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Ya ce, "Rai na Allah ne, amma rigakafi ya fi magani." Ya yarda gwaggona, matar wani masunci, ta riƙa koya mini a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ina sanye da suturata. Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi. Inna tana gaɓa tana salati, amma dai ta zo.

Ya ku iyayenmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, muna tsallaka koguna kowace damina. Ku samar mana mata masu koyarwa da wuri mai tsabta, domin ruwa ba ya tambaya ko mace ce ko namiji. Ni dai yanzu ina iya iyo na taku goma. Teku da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya cika mana burinmu, amin.