Furen Bakin Gauraka

Jama'a, yau labarin wani ɗan fure za mu ba ku, wanda ya sha mana ruwan tulu har wata huɗu, sa'an nan ya bar mu da kunya a gaban uwargida.

Wani abokinmu da muka yi kwalejin horon malamai tare ya komo daga Ingila, ya kawo mana tsarabar irin fure cikin 'yar takarda. Sunansa jaraniyam, ɗan ƙarami, tsawonsa ba ya wuce inci 6. A jikin takardar an rubuta wai mai juriya ne. Muka ce madalla, in dai juriya ce, ai Zariya ya zo. Muka haɗa jar ƙasa da yashi da taki cikin tsohon kasko, muka shuka farkon hunturu. Cikin ƙwaya ashirin shida suka tsiro, ganyensu tsage-tsage kamar yatsun hannu.

To, rijiyar unguwarmu da nisa, kowane tulu kuwa sai an saya. Ran nan uwargida ta tsaya a kanmu muna ban ruwa, ta ce, "Malam, wannan ganyen miya ne ko magani?" Muka ce ba ko ɗaya, na kallo ne. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta shige ɗaki.

Da bazara ta kama, sai ganye ya soma yaushi. Muka ƙara ruwa, muka kai shi inuwar darbejiya, duk a banza. Kafin ruwan farko ya sauka, ko ɗaya bai rage ba.

Sai a sa'an nan muka buɗe littattafai, abin da ya kamata mu yi tun farko. Ashe gidansa duwatsun Firenis ne, tsakanin Faransa da Sifen, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa da hunturu. Juriyar da Turawa su ke nufi ta sanyi ce: ganye ya bushe, saiwa ta kwanta cikin ƙasa, in sanyi ya wuce ta sake toho. Zafin rana irin namu ba ya cikin alkawarin. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Muka kuma tarar da wani abin mamaki. Furanni iri biyu ne a ke kira da sunan nan. Linniyas, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya haɗa su wuri ɗaya a 1753, sai a 1789 wani Bafaranshe, Leritiye, ya raba su. Na farko shi ne namu da ya mutu. Sunansa daga harshen Girkawa ne, ma'anarsa gauraka, don kwanson irinsa ya yi kama da bakinta. In ya nuna, sai ya fashe ya watsa ƙwayoyin nesa. Kunnuwan furensa biyar ne, duk kansu ɗaya. Na biyu, falargoniyam, an sa masa sunan shamuwa. Asalinsa Afirka ta Kudu, kunnuwa biyu na sama kuwa sun bambanta da uku na ƙasa. Shi fari ba ya damunsa ƙwarai, yawan ruwa ne ke ruɓar da shi.

Da muka je Jos hutu, wani dattijo mai lambu ya yanko mana reshensa. Muka ce, "Baba, yaya za mu yi da shi?" Ya ce, "Malam, bar bakin yankan ya sha iska, ka soka cikin yashi, kada ka ba shi ruwa sai ƙasa ta bushe." Haka muka yi. Yanzu ga shi a ƙofar zaure da jajayen furanni, da damina mu kan janye shi ƙarƙashin rumfa.

Mun ba 'yan ajinmu labarin nan duka, har da wautarmu, don mu da mu ke tsawata musu su san ma'anar kalma kafin su yi aiki da ita, kalma guda ce ta kayar da mu. Uwargida kuwa ita ke zuba masa ruwan alwala yanzu, amma har gobe in ta wuce tsohon kaskon nan sai ta yi murmushi.