Buhun da Ba Ya Shiga Rumbu

Mu bakwai ne a majalisarmu, a gindin wani dalbejiya da ke bayan layinmu a Funtuwa. Biyar manoma ne, ɗaya tela, ɗaya kuma yana fataucin hatsi tsakanin kasuwar Dandume da Malumfashi. Da damina ba ma ganin juna sai a masallaci. Amma idan aka kai masara gida, aka tsince auduga, aka casa waken suya, sai dare ya yi tsawo, mu shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i mu ɗauko karta.

Wot muke bugawa, mai ƙwallo da kuros da tauraro, wadda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1930 amma ta zama tamkar 'yar gida. Shekara da shekaru muna yinta don raha kawai. Wanda ya fi kowa yawan lamba a hannu idan an tashi, shi ake yi wa dariya, musamman in taurari suka maƙale masa, tunda su ninki biyu ake ƙirga su.

Ba za mu iya cewa ga daren da kuɗi ya shigo ba. Wani ya ce a ɗora naira hamsin don wasa ya yi armashi. Hamsin ta zama ɗari biyu. Da kakar da ta biyo baya, ƙaramin cikinmu ya tashi daga tabarma babu kuɗin tiya goma na masarar da ya sayar da safe, kuma wanda ya cinye shi yayan matarsa ne. Sati uku ba su gaisa ba. Duk cikinmu babu wanda bai san abin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ce game da caca ba, amma kowa ya riƙa kiran abin da muke yi "ɗan nishaɗi". Ranar nan dai sunan ya ƙi zama.

Muka daina karta ɗungurungum. Sai majalisa ta fara mutuwa, domin hirar farashin taki da ta rashin tsaro ba ta riƙe mutum har ƙarfe goma sha ɗaya.

Telan ne ya zo da shawara. Ya ga a waya yadda 'yan karta a Amurka suke amfani da wasu 'yan faya-fayai masu launi, kowane da lambarsa. Ya ce mu yi namu, amma kada su tsaya a madadin ko kwabo. Da farko mun yi masa dariya, sai babban cikinmu ya ce, "Kai Malam, ai ba baƙon abu ya kawo ba. Da me iyayenmu ke dara?" Gaskiyarsa. Rami talatin a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinken kara wancan da tsakuwa, kuma har a yi zuciya a kai.

Gwajin farko da kwalin sabulu muka yi, muka yanka da almakashi muka rubuta lamba da biro. Kwana huɗu suka yi. Gumin hannu ya jiƙa su, shayi ya zube a kan rabi. Daga nan muka koma ga marfin kwalbar lemo, irin na ƙarfe. Yara suka tsinto mana daga wajen masu shago da wurin biki, cikin sati guda muka tara kusan ɗari uku.

Aikin yana da wuya fiye da yadda muka zata. Sai an ɓanɓare robar da ke ciki, wadda ba ta fita sai an ɗan gasa marfin a kan garwashi. Sannan a buɗe haƙoran da filaya kafin a daddale da guduma a kan turmi kife. In aka yi gaggawa, bakin ya naɗe ya zama reza. Akwai wanda har yau tabon yana babban yatsansa. Muka goge bakin da sanfefa, muka roƙi ragowar fenti wajen wani mai fentin ƙofofi: fari, kore da ja.

A kan suna muka fi daɗewa. Wani ya ce a rubuta 50 da 100 da 500, muka ƙi, domin lambobin nan da ganinsu ido ya tuna naira. Mai fataucin hatsi ya ce a auna da abin da muka sani: fari tiya ɗaya, kore tiya goma, ja buhu, wato tiya arba'in kamar yadda ake cika shi a kasuwa. Muka je shagon kwamfuta, yaron wurin ya zana mana da'irori a takarda mai gam, kowace da sunanta da ɗan hoton zangarniyar dawa. Shafi uku ya ishe mu. Muka wasa bakin wani guntun bututun ƙarfe muka riƙa fitar da su da bugu ɗaya, muka liƙa, muka shafe da man goge farce marar launi don kada tawada ta zuba. Abin da muka kashe duka bai kai kuɗin fakitin karta uku ba.

Tambarin ya yi rana tun a satin farko, lokacin da wani ɗanmu ya daddale nasa marafan ya shafa musu jan fenti, ya zo zai sayar wa kawunsa buhu biyar.

Jarrabawar gaske ta zo bayan wata guda. Ɗaya daga cikinmu ya ƙare ƙat tun ƙarfe tara, ya sunkuya ya raɗa wa na kusa da shi cewa ya ba shi jan marfi ɗaya, gobe zai ba shi ɗari biyar. Kowa ya ji. Tabarma ta yi tsit. Yayan matar nan, wanda ya taɓa cinye kuɗin masara, shi ya miƙa hannu ya tattara marafan duka ya zuba a gwangwanin madara ya rufe. Ya ce, "Yaya, in buhun nan ya yi farashi, mun koma gidan jiya." Daren nan ba a ƙara rabawa ba.

Washegari muka kafa doka: kowa buhu uku yake farawa da su, ba aro, ba saye, kuma marfi ba ya kwana a aljihun kowa. Wanda ya ƙare a baya shi ke naɗe tabarma ya ƙirga marafan a gaban jama'a. Gwangwanin yana shagon tela, a ƙarƙashin keken ɗinki. Jiya da aka ƙirga, tiya biyu sun ɓata, kuma muna zargin yara.