DUKA-DUKA NAWA NE?

Yau dai sai kun yi mini afuwa, don ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Na san wata har ta turo baki. Ki yi haƙuri ƙawata, ki gyara zama, maganar kuɗin otal za mu yi, kuma in kin bi ni a sannu za ki ga ta shafe ki fiye da yadda kike zato.

Dalilina shi ne, a yawancin gidajenmu yanzu idan tafiya ta taso, ke ɗin nan 'yar makaranta ke ake miƙa wa waya. Abba ya ce, "Ke 'yar boko, duba mana masauki." Umma ta ce, "Karanta mini abin da mutumin nan ya turo." To kin ga ashe kuɗin da iyayenki suka yi shekaru suna tarawa, a ɗan yatsanki yake rataye.

A littattafanmu na soyayya, ango kan ɗauki amaryarsa sai Dubai ko Landan, a sauka a otal na alfarma, a yi wata guda ana shan amarci, ba a taɓa jin an kawo masa takardar biyan kuɗi ya zaro ido ba. Labari ke nan, daɗinsa ke nan. Amma a zahiri kowane kwana da farashinsa, kuma farashin da aka rubuta da manyan baƙaƙe sau da yawa kyan ɗan maciji ne.

Ummanmu ta yi shekara da shekaru tana zubin adashi da kuɗin ɗinkinta, burinta ɗaya a duniya ta je umara. A ƙarshen shekarar 2024 Allah Ya nufa kuɗin suka taru, Yayanmu babba ya cika, ni ma na kawo ɗan abin da na samu a littafina na uku, aka tsayar da magana mu uku za mu tafi. Sai dai Umma tana fama da ciwon gwiwa, tafiyar minti goma sai ta zauna ta huta. Don haka tun farko na san maganar masauki ita ce uwar tafiyar.

Wani ejan muka fara zuwa wurinsa. Ya karɓe mu da fara'a, har da lemo mai sanyi, ya ce jimillar kuɗi kaza ne, tikiti da biza da otal "dab da Harami". Na rusuna na ce, "Alhaji don Allah mene ne sunan otal ɗin?" Nan take fuskarsa ta sauya. Ya dubi Yaya ya ce, "Malam, ƙanwar taka ba ta yarda da ni ba ne?" Umma ta harare ni, ta zungure ni da ƙafa ta ƙarƙashin kujera. Na ƙara sunkuyar da kai na ce, "Wallahi ba haka ba ne Alhaji, tsohuwa ce ba ta da ƙafa, so nake in ga nisan." Ya ce sai an je can ake sanin otal. Muka yi godiya muka tashi.

A mota Umma ta yi ta faɗa, wai na zubar mata da mutunci a gaban babban mutum. Na bari sai da ta huce na ce, "Umma, in za ki sayi atamfa a Kantin Kwari, kina biya kafin a warware miki ki gani?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Auta ke nan, bakinki ya fi ki girma." Daga nan ta sakar mini ragamar.

Ku sani 'yan uwa, wannan tambayar haƙƙinku ce. Ballantana ma tun watan Yunin 2025 hukumomin Saudiyya suka sa doka cewa ba a ba da bizar umara sai an tabbatar da masauki a otal mai lasisi ta tsarin Nusuk. Ke nan duk ejan da ya ce miki bai san inda zai sauke ki ba, da walakin goro a miya. Sannan a nan gida hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba kamfanonin hajji da umara lasisi, babu laifi ki nemi ganin takardar.

Ejan na biyu bai yi musu ba, ya rubuto mini sunayen otal uku a Makka, biyu a Madina. Na sayi littafin rubutu irin namu na makaranta, na ja layi-layi kamar za a yi jarrabawar lissafi. Kowane otal da shafinsa. Na shiga intanet na duba farashinsa a shafin otal ɗin kansa, na duba a manhajojin kama ɗaki irin su Booking.com da Agoda, sannan na gwada da abin da ejan ya faɗa. Abu ɗaya na kiyaye: rana ɗaya, irin ɗaki ɗaya, yawan mutane ɗaya. In kin duba wannan da kwanan Laraba, wancan da kwanan Juma'a, kin haɗa doya da manja ne kina kiransu abu guda.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne haraji. Tun watan Yulin 2020 Saudiyya ta ɗaga harajin saye daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin 100. Bayan shi akwai kuɗin hukumar gari da ake ɗora wa ɗakin otal, kashi 5 ga manyan otal masu tauraro huɗu ko biyar, kashi 2.5 ga na ƙasa da su. Wani wuri za ki ga an haɗa duka a cikin farashin, wani wuri kuwa sai kin kai shafin ƙarshe, kin riga kin sa rai, sannan ki gan shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mu ƙaddara ɗaki riyal 400 ne a babban otal. In ba a haɗa haraji ba, abin da za ki biya ya kai riyal 480. A kwana goma riyal 800 ke nan suka ƙaru, sama da dala 200, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce. Ki juya wannan zuwa naira ki gaya mini riga nawa Umma za ta ɗinka kafin ta same shi.

Kada ki ce ai wannan sai ƙasar waje. A nan Nijeriya ma harajin saye kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, manyan otal da yawa suna ƙara kashi 10 na hidima, jihar Legas kuma tana da nata kashi 5 a kan otal da gidajen abinci tun dokar 2009. Ko biki za ku je Abuja, ko rakiyar wata jarrabawa, tambayar dai ita ce: duka-duka nawa ne?

Abu na biyu, kuɗin na ɗaki ne ko na kai? Ejan yakan faɗi kuɗin mutum ɗaya a ɗaki mai gado huɗu, manhaja kuma ta nuna kuɗin ɗaki sukutum mai gado biyu. In ba ki lura ba sai ki ga kamar ɗaya ya ninka ɗaya araha, alhali ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. Kuma ɗaki mai gado huɗu yana nufin za a haɗa ku da baƙin da ba ku sani ba, a raba maza da mata, banɗaki ɗaya. Mu da muke son Umma ta sake, sai muka nemi a faɗa mana kuɗin ɗaki mai gado uku, namu mu kaɗai.

Na uku shi ne nisa, kuma nan ne araha take cin mutum. Kalmar "kusa" ba ta da awo. Na buɗe taswira a waya na sa sunan kowane otal, na zaɓi tafiyar ƙafa. Makka gari ne na duwatsu, akwai otal ɗin da a taswira yake kamar ki miƙa hannu ki taɓa Harami, amma hanyarsa hawa ce da gangara. Na unguwar Aziziyya da makamantansu suna da araha da yalwar ɗaki, sai dai dole ki hau mota. Wasu suna da bas kyauta, amma ki tambaya: ƙarfe nawa take tashi, a ina take ajiyewa, daga nan kuma tafiyar minti nawa ce? A Madina ma mata da ƙofofinsu daban a masallaci, otal zai iya zama kusa da masallacin ya yi nisa da ƙofar mata. Har lif ki tambaya guda nawa ne, don a dogon bene in lokacin salla ya gabato layin lif kaɗai ya isa ya sa ki rasa jam'i.

Bari in dunƙule muku lissafin don ya yi sauƙi. A ce otal na farko riyal 250 ne babu haraji, babu karin kumallo, yana nesa. Na biyu riyal 390, an haɗa komai har da abincin safe, tafiyar minti bakwai a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kowa ya gani zai ce a kama na farko. To sa masa harajinsa, ya koma wajen 294. Tsohuwa ba za ta iya turereniyar bas ba, sai tasi. A ce riyal 30 kowace tafiya, zuwa da dawowa sau biyu a yini, 120 ke nan. Ya zama 414, ba a karya kumallo ba tukuna. Wanne ne mai tsadar? Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Na huɗu, idan tafiya ta fasa fa? Farashin da ya fi kowanne sauƙi galibi shi ne wanda in kin biya an gama, ko biza ba ta fito ba, ko jirgi ya ɗaga rana, ko rashin lafiya ta gitta, ba a mayar da ko sisi. Akwai mai ɗan tsada kaɗan wanda za ki iya sokewa kyauta zuwa wata rana da aka ƙayyade. Ki rubuta wannan ranar da jan biro. Amma shi ma "sai kin zo ki biya" da nasa haɗarin gare mu masu riƙe da naira. Kun dai tuna bayan da aka saki farashin canji a watan Yunin 2023, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Wadda ta kama ɗaki ta jinkirta biya a irin wannan lokaci, riyal ɗin bai ƙaru ba, amma jakarta ta ji a jikinta. Mu dai sai muka canji kuɗin masauki tun da wuri muka adana, muka kama wanda ake iya sokewa, hankalinmu ya kwanta ta fuska biyu.

Sai ƙananan abubuwa da ba a faɗa sai an tambaya. Yawancin otal a can ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe huɗu na yamma, kuma da sha biyun rana ake so ki fita. In jirginku da asuba zai sauka, ina tsohuwa za ta kwanta kafin la'asar? Wani otal ɗin sai an biya kuɗin shiga da wuri. Lokacin tafiya ma yana da nasa hukunci: ɗakin da kika gani da sauƙi a wata Safar, a goman ƙarshe na azumi yana iya ninkawa sau da yawa. Kuma duk abin da kuka yi da ejan ko otal, a rubuta: sunan otal, yawan kwana, yawan gado, da abinci ko babu, da haraji ko babu. A ba ki rasit. Maganar fatar baki ba ta tsallake teku.

Kwana huɗu na yi ina wannan aikin, har Yaya yana tsokanata wai na zama akanta. A ƙarshe na Makka muka ɗauki na tsakiya ta hannun ejan, don nasa ya ɗan fi na intanet sauƙi, na Madina kuma muka roƙe shi ya canja mana da wanda yake ɓangaren ƙofar mata. Ɗakin ba na alfarma ba ne, tagarsa ma bangon wani bene take kallo. Amma Umma da sandarta, a hankali a hankali, salloli biyar a Harami ta yi su har muka baro garin. Wata baiwar Allah da muka zo jirgi ɗaya, sa'ar Umma, mun haɗu da ita a harabar masallaci tana share hawaye. An ce mata kusa ne, ashe sai ta hau mota, ga ciwon baya, yawancin sallolinta a ɗaki ta yi su. Ta ce, "'Yar nan, ni kunyar tambaya na ji." Wallahi har yau in na tuna muryarta sai jikina ya yi sanyi.

An raine mu da kunya, kuma kunya ado ce ga 'ya mace, ban ce ku yar da ita ba. Amma a rusuna a gaida babba daban, a miƙa masa guminki ido rufe daban. Kina iya sunkuyar da kai, ki tausasa murya, ki ce "don Allah Alhaji", kuma ki yi tambayarki har sai kin gane. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya, matambayi kuma ba ya ɓata. Wannan ɗabi'ar in kin koye ta a kan kuɗin otal, za ta yi miki rana a kasuwa, a wurin tela, har ranar da wani zai zo zance da mota mai sheƙi da daɗin baki. Shi ma akwai ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafinsa, ki sa a karanta miki su kafin a shafa fatiha.

Don haka ƙanwata, ranar da aka miƙo miki waya a gida aka ce duba mana, ki ɗauko biro da takarda, ki zauna ki nutsu. Allah Ya kai iyayenmu ɗakinSa da ƙafafunsu, Ya sa mu zama masu amfani gare su. A fitowa ta gaba in Allah Ya yarda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Taku har kullum mai ƙaunarku.