Motar Gawar da Fim Ya Mayar Abin Wasa

A shekarun da nake karatu a jihar Ohayo ta Amurka, na yi haya a gidan wani dattijo Bature da ya tsufa yana tuƙi a gidan jana'iza. Can ba kamar wurinmu ba ne, inda 'yan'uwa da maƙwabta ke yin wanka, su sa likkafani, su saɓi makara a kafaɗa. Kamfani ake kira ya ɗauki gawar, ya shirya ta, ya kai ta makabarta. Da dattijon ya ajiye aiki, sai ya sayi tsohuwar motar da ya tuƙa, baƙar Cadillac doguwa mai labule a tagogi, ya killace ta a gareji.

Ran Asabar nakan taya shi goge ta. Nan ya nuna mini abin da ban taɓa zato ba. A daɓen bayan motar akwai 'yan gare-garen da akwatin gawa ke zamewa a kansu, amma in aka kife su sai wurin ya koma shimfiɗaɗɗe, a sa gadon majinyaci, a ɗaga wata 'yar kujera, a ɗora fitila a rufi. Har cikin shekarun 1970, a ƙananan garuruwan Amurka da yawa, gidan jana'iza ne ke kai marasa lafiya asibiti, domin su ke da motar da mutum zai kwanta a ciki. Ya ce mini, "Ɗana, na kai masu naƙuda cikin dare a motar nan, wasu jariran ma daga baya ni na raka kakanninsu kabari."

Yaran unguwa ba su san wannan ba. Da sun hango ta sai ihu, "Ghostbusters!" Fim ɗin masu farautar fatalwa ke nan na 1984, wanda motarsa Cadillac ce ƙirar 1959, da kamfanin Miller-Meteor ya haɗa wa jiki a garin Piqua, nan cikin Ohayo. Tun kafin shi, fim ɗin Harold and Maude na 1971 ya nuna saurayin da ke yawo a motar gawa don sha'awa, sannan shirin Six Feet Under da ya fara a 2001 ya sa budurwa tana zuwa makaranta a wata koriya shar.

Ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halowin, samari kan zo neman hayar motar. Dattijon bai taɓa bayarwa ba. Na raka shi wani taron masu tsofaffin motoci, na ga an zaunar da ƙwarangwal na roba a mazaunin direba, wani ma ya cika akwatin gawa da ƙanƙara da kwalaben lemo. Gaskiya fim ya ceci motocin nan da dama daga hannun masu narka ƙarfe, amma raina bai so abin da na gani ba. Kowaccensu an taɓa bin bayanta ana kuka.

Shi dattijon ba ya jin haushin kowa. In yaro ya ambaci fim, sai ya gaya masa cewa ran 22 ga Nuwamba 1963, farar Cadillac ta wannan kamfani na Miller-Meteor ce ta ɗauki gawar Shugaba Kennedy daga asibitin Parkland zuwa filin jirgin saman Dallas.