Zanen da Na Shafe da Hannuna

Kawuna mai zanen motoci ne a Tofa. Shi ke zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motocin da ke kai hatsi kasuwar Dawanau. Tun ina firamare nake dama masa fenti a gwangwanin madara.

A daminar 2023, bayan an janye tallafin man fetur, takin zamani ya gagari talaka. Ran nan ina gida hutu, sai Kawu ya tasam ma bangon rumfarsa. Ya zana wani ramammen manomi durƙushe cikin gero, ga wani ƙato da babbar riga zaune bisa buhunan taki yana sakace. Bai rubuta suna ba. Ko hula bai sa masa ba, don a Kano launin hula kaɗai ya isa ya tona jam'iyyar mutum.

Kwana uku jama'a na tsayawa suna dariya, kowa da wanda yake rantsuwa shi aka zana. Ran na huɗu da magariba wasu mutum biyu suka yi sallama. Aka gaisa lafiya lau, har da tambayar iyali. Sa'an nan suka ce manya ba su ji daɗi ba, suka kuma tuna masa cewa filin rumfar nan ba nasa ba ne.

Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kuma a ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Iyan-Tama a kan sha'anin fim. Shi dai an kai shi gaban alƙali, duniya ta ji. Namu kuwa ba takarda, ba sammaci. Bokitin farar ƙasa guda ya gama shari'ar.

Da asuba Kawu ya miƙo mini burushi. Na ce, "Haba Kawu, ai ba ka ambaci kowa ba!" Ya ce, "Shafa dai, yaro. 'Ya'ya bakwai gare ni." Na fara da ƙaton, na bar manomin sai can ƙarshe, hannuna na rawa. Har yanzu ban san ko haushin Kawu nake ji ko nawa ba.

Da na dawo hutun Disamba, na tarar ruwan ƙarshen damina ya ɗauraye bangon, buhu biyu da ƙafar ƙaton sun leƙo. Kawu ya jingina wata tsohuwar ƙofar mota a wurin.