Gurbin da Babu Suna a Salsalar Gidanmu

Bahaushe mutum ne mai son sanin asali. Idan za a ba da aure sai an bincika tushen mai nema, idan za a naɗa sarauta sai an jero kakanni, kuma ko maroƙi ba ya jin daɗin wasa mutum sai ya haɗa shi da ubansa da uban ubansa. Amma a kusan kowace zuriya akwai gurbin da masu jero salsala ke tsallakewa da sauri, kamar mai tsallake garwashi. Wannan rubutu nawa a kan irin wannan gurbi yake, wanda na tarar a gidanmu sa'ad da aka ba mu aikin tattara tarihin iyali daga bakin dattawa.

Salsalarmu, yadda ake karanta ta, ta miƙe sumul har zuwa kan kakan mahaifina, wanda aka haifa a wani ƙauye na arewacin ƙasar Kano cikin shekarar Kakalaba, wato yunwar nan ta 1913 zuwa 1914. Da na zauna da 'yarsa, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa, sai na roƙe ta ta jero mini dangin mahaifiyarsa, abin da ba a saba tambaya ba, domin salsala ba ta bin mata. Nan ne na ji sunan da muke kira ubansa ya sake fitowa, amma a matsayin uban mahaifiyarsa. Ashe kakansa na wajen uwa ne. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "Kai maigidan, karatu aka aiko ka ko tonon silili?" Daga nan ta ja bakinta ta tsuke, sai bayan kwana uku ta yarda muka ci gaba.

Kafin ɗalibi ya ce wani ɗan gaba da Fatiha ne, wajibi ne ya rufe ƙofofin da shari'a da al'ada suka buɗe wa yaro, domin suna da yawa. A mazhabar Malikiyya ana danganta ɗa ga mijin uwarsa muddin an haife shi bayan wata 6 da aure. Matar da aka saka kuwa, ana iya jingina cikinta ga tsohon mijinta har tsawon shekara 5, bisa ga abin da ake kira kwantaccen ciki, kuma wannan yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta dogara da su ta sallami Amina Lawal a 2003. Ɗan ƙwarƙwara shi ma ɗa ne halattacce mai cin gadon ubansa, kuma a zamanin bauta ba ta gama ƙarewa ba, sai 1936 aka soke ta ɗungurungum a Arewa. Har ila yau, da uban rasuwa ya yi ya bar ciki, da an yi wa yaron laƙabi da Audi, dangin mamaci kuma sun zo sun karɓi abinsu bayan yaye.

Duk waɗannan ƙofofi a rufe na same su. Yarinyar 'ya ce, ba baiwa ba, kuma ba a taɓa ɗaura mata aure ba kafin haihuwar. Tsagar da ke fuskar yaron ta gidan uwarsa ce, alhali wanzami aska ta gidan uba yake yi wa jariri. Kawunsa ne ya yanka ragon suna. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa ita ce gona. Ɗan 'ya mace ba ya gadon kakansa, saboda haka tsohon ya tara shaidu tun yana da rai, ya yanke masa gona kyauta. Mutum ba ya yin wannan dabara ga ɗan cikinsa, wanda gado zai iske ko ana so ko ba a so.

To, wane ne uban? Abin da tsohuwa ta ji daga manyanta shi ne, yunwa ta kori gidan zuwa kudu, wajen ƙasar Zazzau, suka yi watanni suna aikatau don abin sawa a baki, yarinyar ta dawo da ciki. Raɗe-raɗi iri uku ne: wasu sun ce falke ne, wasu sun ce lebura ne na hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911, wasu kuma suna nuna wani gidan masu hali da suka ba su masauki, wanda zuriyarsa na nan har yau. Takardun hakimai da na duba a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna masu biyan haraji suke ƙidayawa, ba jarirai ba. Littafin alƙali kuwa abin da aka kai gabansa kaɗai yake ɗauka, su kuwa mutanen gidanmu sun tabbatar magana ba ta fita zaure ba.

Wani ɗan'uwana ya kawo shawarar gwajin ƙwayar halitta. Lalle akwai ƙwayar da ake kira Y, wadda ke bin maza daga uba zuwa ɗa kusan ba canji, kuma tana jikina. Sai dai gida take nunawa, ba mutum ba. Alal misali, gwajin da aka yi a 1998 ya nuna cewa ɗan autan baiwar nan Sally Hemings jinin mazan gidan Thomas Jefferson ne, amma sai da masana tarihi suka haɗa da takardu kafin mafi yawansu su tsayar da magana a kan shi Jefferson ɗin. Mu ba mu da takarda. Daɗin daɗawa, sai na je na ce wa mutanen wancan gida su ba ni yawunsu domin ina zargin kakansu da lalata 'yar baƙinsa. Wannan ƙazafi ne ga mamacin da ba zai iya kare kansa ba, laifin da shari'a ta yanka wa bulala 80. A namu gidan kuma akwai 'yan mata da ba su yi aure ba, mun kuwa san yadda kalmar shege ke bin zuriya har jikoki, ko da yake yaro bai ɗauki alhakin kowa ba.

Abin da binciken ya ba ni ya fi sunan da na fita nema. Na ga yarinya ƙarama cikin yunwa, a gidan da ba nasu ba, inda mai hatsi ke da iko a kan marar shi, har ba na iya cewa da yardarta abin ya faru. Na ga uba wanda, a shekarar da mutane ke rabuwa da 'ya'yansu don rashin abinci, ya ƙara baki ɗaya a gidansa, ya ba shi sunansa da tsagarsa da gonarsa. Shirun da na ɗauka ɓoye gaskiya ne, aiki ne da mutane da yawa suka haɗu suka yi shekara da shekaru domin yaro ya tashi da mutunci.

A takardar da na miƙa, na gyara abu ɗaya tak: na rubuta sunan uwar a inda ya dace, tsakanin tsohon da jikansa, domin ita ce mahaɗin da salsala ta share. Gurbin uba na bar shi fari. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, su tambayi dangin uwa kamar yadda suke tambayar na uba, su kuma rarrabe abin da hujja ta tabbatar da abin da aka ji a bakin rijiya. Na farkon shi ne tarihi. Na biyun kuwa, in an rubuta shi, rayayyu ne za su biya kuɗinsa.