Shirin Tafiya Landan

Zuru gari ne na sojoji. Da wuya a shiga gida a ƙasar Dakarkari ba a tarar da wanda ya taɓa sa kaki ba, ko hoton wanda ya sa. A cikin irin waɗannan gidaje akwai na wani malamin sakandare da ke dab da ritaya, wanda mahaifinsa yana cikin dakarun Afirka ta Yamma da Turawa suka kwasa zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da malamin ya ji cewa a shekarar 2002 an buɗe wasu ƙofofin tunawa a Landan, kusa da fadar Buckingham, domin girmama sojojin Afirka da Indiya da Karibiyan, ya ƙudurta a ransa sai ya je ya tsaya a wurin. Kuma ba shi kaɗai ba, har da autarsa 'yar shekara 16, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake kiranta Uwata.

Magana ba ta kwana ba ta isa kunnen dangi. Yayarsa ce ta fara zuwa, ta ce wa ya taɓa jin an kwashi kuɗin kayan ɗakin yarinya an kai wa Turawa? Maganarta kuwa ba ta banza ba ce. Fasfo kaɗai, tun daga watan Satumba na 2025, naira 100,000 ne mai shafi 32, ga kuma tafiya Birnin Kebbi don a ɗauki hoto. Bizar ziyara ta wata shida a shekarar fam 127 ce ga kowane mutum, alhali fam ɗaya ta kai naira 2,000. Wato su biyu sai sun ajiye kimanin rabin miliyan kafin a ce musu e ko a'a, in kuma aka ce a'a, kuɗin ba sa dawowa. Ba a ma zo batun tikiti da masauki ba.

Malamin ya ɗauka shi ne zai tsara komai, yarinya ta bi. Amma da aka zauna, sai ga ta da littafin rubutu da wayar yayanta. Ita ce ta gano cewa, tun da ba ta kai 18 ba, zai fi kyau mahaifiyarta ta rubuta takardar amincewa, kuma sai sun bi ta Kontagora da Minna zuwa Abuja an ɗauki zanen yatsunsu. Ita ce ta zaɓi watan Agusta, domin ya faɗo cikin dogon hutu, an kuma gama noman farko, can kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas.

Ita ce kuma ta kawo labarin da bai so ji ba.

"Baba, sunan Kaka fa ba ya wurin," in ji ta. "Sunayen waɗanda suka sami manyan lambobin jarunta kaɗai aka rubuta. Mu kalma ɗaya aka ba mu a jikin ginshiƙi: Afirka."

Ya yi shiru mai tsawo. Shekara da shekaru yana ƙiyasta kansa yana bin dutse da yatsa yana neman sunan. Daga bisani ya ce, "To, Uwata, ai yana cikin kalmar."

Ita ma ashe tana da nata buri, wanda ba ta taɓa faɗa ba. Tana son shiga gidan tarihin Birtaniya ta ga tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda ta karanta labarinsu a aji. Ta ce shiga kyauta ne, sai dai abin da ya ɗaure mata kai shi ne a ce kayan ƙasarta ne, amma sai ta nemi izini ta biya kafin ta gan su. Malamin, wanda ya shafe shekaru yana amsa tambayoyin 'ya'yan mutane, bai sami abin ce wa tasa ba. Sai ya karɓi littafin, ya soke yinin da ya ware don kasuwa, ya rubuta mata yini biyu a gidan tarihin.

Gwaggon ba ta sauko ba, ko da yake ta fara tambayar ko da gaske ne ana sanyi can har da damina. Fasfo biyu dai sun iso, suna cikin akwatin ƙarfen da marigayin ya dawo da shi daga yaƙi. Dawar da aka girbe tana rumbu, ana jiran ta yi daraja, bijimin kuma sai Babbar Salla ta matso za a kai shi kasuwa.